A bar kare cikin gashinshi

Kare mai zubar gashi ya zama abin gani kullum cikin unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wasu masu karnuka kan ruga gareji neman baƙin mai, wasu su ɗauki aska, wasu kuma su kore shi daga gida. Likitocin bisashe kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa gashin da ya zuba yana komowa da kanshi muddin tushenshi na da rai, kuma babu abin da ke kashe tushen kamar gaggawar mai kare.

Duk wanda ya ratsa unguwa da tsakar rana ya san shi. Yana kwance gindin katanga ko ƙarƙashin tsohuwar mota, gefen kunnuwanshi ya yi ɓawo, gwiwoyinshi sun koma fata tsura, yana ta susa da ƙafar baya ba hutawa. Yara na jifanshi, mata na korar shi daga bakin murhu. Alhali watanni kaɗan da suka wuce, karen nan ne ke hana ɓarawo tsallake katanga, shi ne ke kwana bakin garke yana tsaron tumaki daga dila, shi ne maharbi ke yabo ranar farauta.

Lalacewar gashin kare na jawo asara ta fuska uku. Gida na rasa mai gadin da ba ya neman albashi. Wasu daga cututtukan da ke cin gashin kare na kama yaran da ke wasa da shi. Sannan kuɗin da ake zubawa wajen maganin kasuwa ya fi abin da za a kashe a sarwishin kiwo, ga shi kuma sau da yawa maganin ne ke ƙarasa karen. Saboda haka ya kamata jama'a su san yadda gashin nan ke fita, abin da ke zubar da shi, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya komo.

Rigar da ba tela ya ɗinka ba

Fatar kare ta fi ta mutum laushi, shi ya sa Allah ya lulluɓe ta da gashi. Gashin ne ke tare zafin rana, shi ke tare ƙaya da ƙarangiya cikin daji, shi ke rage cizon ƙuda, kuma shi ne bargon kare cikin daren hunturu. A jikin mutum gashi guda ke fita daga kowace ƙofa. A jikin kare kuwa ƙofa guda kan fid da gashi mai kauri da tsawo, tare da wasu sirara masu taushi a gindinshi. Karnukan ƙasashen sanyi, irin karen Jamus da ma'aikata da ƴan kasuwa ke ajewa cikin manyan gidaje, suna da wannan gashin ƙasa mai yawan gaske. Karen gida na ƙasar nan nashi kaɗan ne.

Kowane gashi na da tushe cikin wani ɗan rami a fata, kuma yana bin zagaye iri ɗaya: ya yi girma, ya tsaya, ya huta, ya faɗi, sabo ya taso daga ramin nan dai. Manomi zai gane maganar in ya tuna da gamba. Ana yanke ta, wuta na cinye ta da rani, amma tun da saiwarta na cikin ƙasa, da ruwan farko sai ta toho. In aka tone saiwar kuwa, ko damana goma ta wuce ba za a ga gamba wurin ba. Haka tushen gashi yake.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. Gashin kan mutum kan yi shekaru yana girma, shi ya sa wanda aka yi wa aski ranar Juma'a ke ganin toho kafin wata Juma'ar. Gashin mafi yawan karnuka kuwa girmanshi gajere ne, hutunshi dogo, yana iya kai watanni. Wurin da ya tsaraita a jikin kare dole ya jira tushen ya farka daga hutu. Wannan jira ne mutane ke ɗauka rashin warkewa, har su kai hannu ga abin da zai ɓata aikin.

Zubar da ba ta cuta ba

Ba duk gashin da aka share a tsakar gida ke nuna ciwo ba. Idan ɗari ya wuce zafi ya kunno kai, kare na sauke gashin da ya tara, musamman karen ƙasashen waje. Alamar lafiya ita ce gashi na zuba ko'ina daidai, fata ba ta bayyana ba, kare ba ya susa, yana cin abincinshi. Abin da ake bukata shi ne a riƙa taje shi sau biyu ko uku a mako.

Karyar da ta haihu takan zubar da gashi mai yawa wata 1 zuwa wata 3 bayan haihuwa, haka kuma karen da ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani. Dalili shi ne wahala ta tura tushen gashi masu yawa cikin hutu lokaci guda. Abinci mai kyau da haƙuri sun isa.

Sai kuma karen Azawak, dogon nan siriri mai ƙafafu kamar barewa, wanda Abzinawa ke kira oska, da ake kiwo arewacin Tawa wajen Abalak da Cintabaraden har cikin ƙasar Mali. Gashinshi gajere ne ƙwarai, cikinshi kusan babu gashi ko kaɗan, kuma haƙarƙarinshi na bayyane. Halittarshi ke nan. Tun farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, a shekarar 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin karnukan da ta amince da su. Wanda ya sayo shi daga arewa ya ga cikinshi fayau, kada ya nemi magani.

Masu cin gashi

Babbar abokiyar gabar gashin kare ita ce ƙazuwa, kuma iri biyu ce da ba a haɗa su ba wajen magani da tsaro.

Ta farko mai ƙaiƙayi ce. Wani ɗan ƙwaro ke kawo ta, wanda bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganin shi sai da madubin likita. Macen na haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai, kuma cikin mako 3 ƙwan ya zama babban ƙwaro mai haihuwa. Tana farawa daga gefen kunne, gwiwar hannu, diddige da ciki. Kare na susa dare da rana har ya fid da jini, kuma susar ce ke karya gashin. Akwai alamar da likitoci ke dubawa: in aka murza gefen kunnen kare, sai ƙafar baya ta kama susa da kanta. Wannan ƙazuwa na yaɗuwa daga kare zuwa kare cikin sauri, kuma tana fesa wa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu, ƙirji da ciki. A jikin mutum ba ta zama, takan mutu da kanta idan aka warkar da karen, amma muddin karen na nan da ita ƙurajen yara ba za su ƙare ba.

Ta biyu ba ta cika ƙaiƙayi ba. Ƙwaronta dogo ne siriri, yana zaune cikin ramin gashin kanshi. Kusan kowane kare na ɗauke da shi kaɗan, domin kwikwiyo na samun shi daga uwarshi cikin kwana 2 ko 3 na farko wajen shan nono. Yana yin yawa ne in jikin kare ya yi rauni saboda yunwa, tsutsar ciki ko wani ciwo. Ana ganin shi ga ɗan kare da bai cika shekara ba: wurare kaɗan da gashi ya zuba, kewayen ido, baki da ƙafafun gaba. In wuraren ba su wuce huɗu ko biyar ba, kusan 9 cikin 10 na warkewa da kansu cikin wata 2. In kuwa ta game jiki, fata ta yi baƙi, tana wari, tana fid da mugunya, to sai likita, domin tana iya kisa. Wannan irin ba ta kama mutum.

Bayan ƙazuwa sai makero, wanda in ya kama kan yaro ake ce mashi ƙora. Wani irin funfuna ne mai cin gashi, yana barin wuri zagaye kamar kwabo, da gashi kakkarye da fari-farin ɓawo. Gaskiya ne mafi yawan ƙorar ƴan lakkol daga yaro zuwa yaro take bi, ta hanyar aska, mataji da hula. Amma akwai irin da ke fitowa daga kare da kyanwa, kuma ƙwayarshi na iya wuce shekara da rai cikin gashin da ya faɗi kan tabarma ko buhu. Saboda haka sai a ƙone shimfiɗar karen, a hana yara rungumar shi har ya warke.

Kaska na taruwa cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, tana shan jini, tana barin miki, kuma tana sa wa kare zazzaɓin da ke ƙone mashi jini. Irin da ke bin kare na ɓuya cikin tsagar bango da katanga, shi ya sa in an cire ta yau gobe wata ta hau. Ƙuma kuwa mace guda na iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a yini. Karen da jikinshi ba ya jimre cizonta yakan cinye gashin bayanshi daga ƙugu zuwa gindin wutsiya. Akwai kuma wani ƙuda mai cizo da ke haihuwa cikin taki da ruɓaɓɓiyar ciyawa, wanda ke cin bakin kunnen karnuka masu kunne a tsaye har ya yi jini ya yi baƙin ɓawo.

Da damana, a kudancin ƙasa, wani ƙudan na zuba ƙwai cikin rairayin inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa. Tsutsarshi, wadda likitoci ke kira tsutsar Kayor da sunan wani yanki na ƙasar Senegal, na shiga fatar kwikwiyon da ya kwanta wurin, ta yi ƙurji kamar maruru mai ƙaramar ƙofa a tsakiya, ta zauna kwana 8 zuwa 12. In aka toshe ƙofar da basilin sai ta leƙo neman iska, a matse ta a hankali ta fito gaba ɗayanta, a wanke wurin. Tana kama jarirai ma ta hanyar tufafin da aka shanya a ƙasa, don haka a shanya kan igiya cikin rana, a yi guga.

Akwai zubar gashin da ba ƙwaro ke kawo ta ba. Idan babban kare ya rasa gashi dama da hagu daidai wa daida, wutsiya ta tsaraita, ba ya susa, ya yi nauyi da kasala, ko kuwa yana shan ruwa fiye da kima, to abin daga ciki yake. Sau da yawa gaɓar nan ta maƙogwaro ce ta gaza, wadda in ta kumbura ga mutum ake kira maƙoƙo. Shafe-shafe ba ya yi mata komai, sai awon jini.

Kwanon kare

Gashi nama ne ta wata fuska, domin da abinci mai gina jiki ake yin shi. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 4 na irin wannan abinci da kare ke bukata a yini, fata da gashi ke cinye shi. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo, sauran tuwon hatsi da dusa, jikinshi zai fara ciyar da zuciya da hanta, ya bar gashi a baya. Sai gashin ya dushe, ya bushe, ya riƙa karyewa. Har wa yau dusa mai yawa na hana jiki shan wani sinadari da ake kira zinki, wanda rashinshi ke sa ɓawo kewayen ido da baki.

Gyaran ba ya bukatar abincin gwangwani. Kan kifi da aka dafa aka cire manyan ƙayoyi, dafaffen ƙwai, ɗan ƙuli-ƙuli, nono, cokali guda na man gyaɗa cikin tuwo, da tarkacen mahauta sun wadatar. Makiyayan Azawak da nono da hatsi suke riƙe karnukansu. Sai dai kayan ciki, huhu da hanta, dole a dafa su sosai, domin ɗanyensu na sa wa kare wata tsutsa da ƙwanta ke fita cikin kashinshi, ya shiga mutum ko tumaki ya yi jakar ruwa cikin hanta. A guji miya mai yawan albasa, don albasa na lalata jinin kare. A ba shi maganin tsutsar ciki yadda likita ya tsara, kuma kada kwanon ruwa ya bushe.

Garin neman gira

Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Babu inda karin maganar nan ya fi dacewa kamar wajen maganin da ake yi wa kare a gida.

Na farko shi ne baƙin man da aka juye daga injin mota. Al'adar shafa shi ta yaɗu birni da ƙauye, kuma mai yi na cewa ya ga susa ta ragu. Man nan cike yake da dattin ƙarfe, da dalma, da sauran guba na ƙonewar mai. Yana ƙona fatar da ta riga ta yi miki, yana shiga jini ta cikin mikin. Kare na lasar jikinshi, gubar ta sauka ciki ta taɓa hanta da ƙoda, in ya yi amai kuma ta shiga huhu. Baƙin jiki cikin ranar watan Afirilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na ƙara dafa shi. Kananzir da gazuwal duk hukuncinsu ɗaya.

Na biyu shi ne maganin ƙwarin gona ko na rumbu. An auna shi ne domin wake da auduga. A jikin kare yana kawo dalalar miyau, karkarwa, farfaɗiya da mutuwa, kuma yana kama hannun mai shafawa da yaron da ya taɓa karen. Tsohon maganin nan lindan, da aka daɗe ana wanke bisashe da shi, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Istokholm ta sa shi cikin jerin gubar da za a daina tun shekarar 2009. Wanda ya ga sauranshi a kasuwa ya wuce.

Na uku shi ne ruwan zafi da ake watsa wa karen da ya shiga madafa. Ƙunar kan ɓuya ƙarƙashin gashi kwana da kwanaki, sannan fatar ta saɓule. In ƙunar ta yi zurfi ta cinye ramukan gashi, wurin zai warke da tabo mai santsi, kuma babu maganin da zai sake fid da gashi a kanshi har abada. Addini ya yi horo da tausayin dabba, kuma sananne ne labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Rufe ƙofar madafa ya fi tukunyar ruwan zafi sauƙi.

Na huɗu shi ne aski, kuma wannan laifin masu son karensu ne. Da bazara ta yi tsanani, mai gida ya ga karen Jamus ɗinshi na haki, sai tausayi ya sa ya kira a yi mashi ƙwal. Amma kare ba ya fid da zafi ta gumi kamar mutum, gumin da yake yi kaɗan ne a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinshi. Askin na tuɓe mashi laimarshi, rana ta ƙona fata, ƙuda ya samu hanya. Ga karnuka masu gashi biyu kuma, gashin ƙasa kan riga na sama fitowa, rigar ta koma kamar auduga mai kama ƙarangiya, wani lokaci ma wurin ya zauna tsirara wata 6 har shekara ko fiye. Abin da ke taimakon kare da bazara shi ne inuwa, ruwan sanyi, ƙasa mai laima da zai kwanta, da taje matattun gashin ƙasa domin iska ta ratsa. Likita kaɗai ke aski, inda zai yi aiki ko zai wanke miki.

Ƙananan abubuwa ma na ci. Sarƙa ko igiyar roba da ba a kwancewa na goge gashin wuya. Kwanciya kan siminti na sa gwiwar babban kare ta yi kanta, gashi ya ƙi fita, alhali tsohon buhu ya isa rigakafi. Wanka kullum da garin sabulun wanki na kwashe man da fata ke fiddawa.

Magani na gaskiya

Mataki na farko shi ne a kai kare sarwishin kiwo ko wurin likitan bisashe mai izini. Zai kankari fata kaɗan, ya ciri gashi, ya duba cikin madubi. Aikin mintoci ne, kuma shi ke raba ƙazuwa da makero, cututtuka biyu da ke kama da juna a ido amma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya.

Sanannen maganin ƙazuwa shi ne ibamektin. Asalinshi wata ƙwayar halitta ce da masani Satoshi Omura ya samo cikin ƙasar wani fili a Japan cikin shekarun 1970, William Campbell kuma ya gano aikinta a Amurka. An fara sayar da shi domin bisashe a 1981. Daga 1987 aka shiga rarraba shi kyauta ga mutane domin yaƙi da makantar bakin kogi, masanan biyu suka samu kyautar Nobel a 2015. Da taimakon maganin nan, tare da yaƙi da ƙudan da ke yaɗa cutar, Nijar ta kai ga nasara: ranar 30 ga watan Janairu 2025 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida cewa ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar bakin kogi.

Amma magani mai ƙarfi wuƙa ce mai baki biyu. Kwalbar da ake sayarwa domin shanu an auna ta ne mililita 1 ga kilo 50 na nauyin sa. Karen gida bai cika wuce kilo 15 zuwa 20 ba, kwikwiyo kuwa kilo 2 ko 3. Wanda ya zuƙi allura da ƙiyasin ido na iya ninka abin da ya kamata sau da yawa, sai kare ya kama tangaɗi, ya makance, ya suma. A shekarar 2001 masana a Amurka suka gano cewa wasu karnukan kiwon tumaki na Turai, irin koli da danginshi, na da wata tawaya ta gado da ke sa maganin shiga ƙwaƙwalwarsu ko da an yi awo daidai. Tun 2013 da 2014 kuma an fito da sababbin ƙwayoyi da kare ke taunawa, masu kashe ƙuma, kaska da ƙazuwa iri biyu na tsawon wata 1 zuwa wata 3. Zaɓi tsakanin waɗannan duka aikin likita ne. Kwalbar da ta yini cikin rana kan tebur a kasuwa, babu mai iya rantsuwa kan abin da ke cikinta.

In ƙazuwa mai ƙaiƙayi ce, duk karnukan gidan za a yi wa magani tare, ko da sauran ba su fara susa ba, a share makwancinsu a ƙone tsummokara. Zuwa wurin likita kuma dama ce ta yi wa kare allurar rigakafin hauka. OMS ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum 59.000 a duniya kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita nan take.

Yaushe gashi zai komo?

Warkewa na bin tsari. Da fari susa ke raguwa, cikin mako 1 ko 2. Daga nan ja da ɓawo su tafi. Wani lokaci zubar gashi kan ƙaru a makonnin farko, domin gashin da ya riga ya mutu na faɗuwa, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Wajen mako 4 zuwa 6 sai a ji wani laushi a tafin hannu in an shafa wurin, toho ke nan.

Cikar riga kuwa sai an jira. A shekarar 2004 wasu likitocin bisashe a Amurka suka aske wurare a jikin lafiyayyun karnuka irin Labrador, suka riƙa awo. Gashin bai koma tsawonshi na da ba sai tsakanin mako 13 da mako 16, a kowane lokaci na shekara. Wato ko lafiyayyen kare mai ƙoshi na bukatar wata 3 zuwa 4. Wanda ya tashi daga ƙazuwar da ta game jiki na iya kai wata 6. Sabon gashi kan fito da wani launi, ya fi duhu ko ya fi haske, inda miki ya yi zurfi ma yakan fito fari. Baƙin da fata ta yi yana washewa sannu a hankali.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsai da magani ranar da aka ga toho. Ga ƙazuwar da ke cikin ramin gashi, ƙa'idar likitoci ita ce a ci gaba har sai an kankara sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga ƙwaro ba. Wanda ya tsaya rabin hanya zai koma farko da kuɗi ninki biyu. In kuwa wata 4 ya wuce babu toho alhali fata ba tabo ba ce, sai a koma wurin likita a nemi dalili daga ciki.

Magabata sun ce a bar kaza cikin gashinta. Karen da ke tsaron gida da garke shi ma ya cancanci a bar shi cikin nashi. Mai kare na da aiki huɗu: ya kai shi a gano cutar, ya cika magani har ƙarshe, ya gyara kwano, ya tsare hannunshi daga baƙin mai, guba da aska. Sauran aikin na tushen gashi ne, kuma in aka ba shi watanninshi zai cika shi.